Wankan Babu

Kwana huɗu ke nan pampo bai kawo ruwa ba a nan Zariya. Bazara ta kai maƙura, tun hantsi ƙasa take cin ƙafa. Jikokina sun cika gida da ƙorafi, wai tun shekaranjiya ba su yi wanka ba. Amma zafin bana ya yi kama da na wata shekara a zamanin Nasara, shekarar da wankan mutum ɗaya ya riƙe ran gidana.

Sunana Nomau. Ga-ruwa nake a Maraɗi a lokacin, garwa biyu da sanda a kafaɗa. Ban yi lakwal ba, wato boko, allon ma ban yi nisa ba. Ba a daɗe da tayar da gari daga kwari zuwa tudu ba, bayan gulbi ya cinye tsohon Maraɗi. A tudu ruwa nisa gare shi. Sai hannu ya yi kanta kafin guga ya leƙo bakin rijiya. Shi ya sa irinmu muke da abin yi.

Wani Ba'indiye ya zo daga Kano cikin kamyo, babbar motar kaya, da dilolin atamfa, ya buɗe ɗan kanti kusa da inda ake awon gyaɗa. Siriri ne, baƙi kusan kamarmu, da gashi mai santsi. Ya ce a ƙasarsu Babu ake kiransa, wai girmamawa ce. Kasuwa ta kwashe da dariya. Mutum ya buɗe kanti, sunansa Babu. In wani ya ce wa maƙwabcinsa babu, sai ya ɗago kai ya ce na'am. Bai taɓa jin haushi ba.

Shi kaɗai yake zaune a wani gida mai ɗaki biyu. Katangarsa ta baya tana jikin ɗan filin da ke gefen bukkarmu. Da yake baƙo ne mai kanti, kumandan, Baturen da ke mulkin gari, ya ba shi takarda: garwa uku kullum daga rijiyar bariki, wadda aka yi wa siminti, wadda ba ta ƙafewa. Ni nake ɗauko masa. Ɗaya ta sha da girki, biyu na wanka.

Ranar farko na kai masa da marece don in samu barcin safe. Ya ƙi karɓa.

"Ruwa ya kwana, ba kyau," in ji shi da Hausarsa ta Kano mai tsinke-tsinke. "Asuba."

"Ruwa ruwa ne, maigida."

"A'a. Asuba."

Haka muka yi. Ina sallame sallar asuba sai bariki, in nuna wa gardi mai gadin rijiya takarda, in ja, in kawo kafin rana ta fito. Yana jirana a tsakar gida, tsaye a kan wani faffaɗan dutse, ɗaure da ɗan zane a ƙugu, wani zare ya ratsa daga kafaɗarsa zuwa kwiɓi. Yana da ɗan tulun tagulla da bai fi kan jinjiri ba. Da shi yake ɗiba ya zuba daga tsakar ka, yana gunguni. Ba sabulu, ba soso. Ko da sanyi ba ya ɗumama shi. In ya gama sai ya cika tafin hannuwansa biyu, ya fuskanci gabas, ya jira. Rana tana ɓullowa sai ya saki ruwan a hankali. Daga nan ne zai sauya zane, ya hura wuta, ya sa wani abu a baki. Kafin haka ko ruwa ba ya kurɓa.

Wata rana na kasa haƙuri.

"Wai dauɗa mi gare ka haka? Ba ka noma, ba ka dako."

"Ba dauɗar jiki ba," in ji shi. "Mutum ya yi barci, kamar ya mutu kaɗan. Ya tashi, ba tsarki. Ba addu'a, ba girki, ba ci. Sai wanka."

Mu ma muna cewa barci ƙanen mutuwa ne, don haka ban yi musu ba.

"To gungunin hwa?"

"Ina kiran gulbi bakwai na ƙasarmu. Su zo su shiga ruwan."

"Cikin garwata?"

"Cikin garwarka."

"In suna amsa kira, ce musu su biyo ta Maraɗi, kafaɗata ta huta."

Ya yi dariya har zaren ya zame.

Limamin unguwa ya ce mai bautar rana ne, in yi hankali da shi. Kawuna Jigo, arne ne daga Tsibiri, ya kawo itace wata safiya ya tsaya ya kalla ta bakin ƙofa. Ya ce, "Wanga namu ne. Sai dai ya hi mu ɓarnar ruwa."

Ruwan bai ɓaci ba. Akwai kafa a gindin katangar baya, ta nan yake fita ya kwanta a filin gefen bukkarmu. Matata Kuluwa ce ta fara lura. Ta ce ba kumfa a ciki, kuma kullum yana zuwa kamar alkawari. Ta ja 'yan kunyoyin shuka, ta zuba yakuwa da lalo da rama, ta dasa zogale uku, ta sa kabewa a kusurwa. Sannan ta sa na kewaye wurin da zana, na bar ƙofa ƙarama, na ajiye tsohuwar buta a baki. Duk wanda ya wuce ya ɗauka makewayi ne. Ba mai leƙa makewayin wani. Mun yi haka don awaki, mun yi don idon mutane, mun kuma yi don kunya. Musulmi yana cin miyar ruwan wankan wanda liman ya kira kafiri. Ba abin faɗa ba ne. Babu kansa bai sani ba, ƙofarsa kasuwa take kallo.

Sai daminar nan ta zo. Ruwa ya sauka sau biyu, kowa ya yi shuka. Gero ya kai gwiwa, sama ta ɗauke. Hadari ya riƙa tasowa daga gabas, baƙi ƙirin, mu fito mu tsaya, iska ta kwashe shi. An yi roƙon ruwa a filin idi. Arna sun yi nasu a Tsibiri, sun yanka abin da suka yanka. Geron ya naɗe ganye ya tsaya har ya mutu a tsaye. Da kaka abin da na samu a gonar mahaifina ban nemi jaki ba, a ka na ɗauko shi. A kakar ne Kuluwa ta haifi 'yarmu ta fari, Rabi.

Mu huɗu ne a gida: ni, Kuluwa, jinjira, da Inna mahaifiyata. Hatsin ya kai mu tsakiyar rani. Daga nan sai dusa. Daga dusa sai garin rogon da ake kawowa daga kudu, mai kumbura a ciki ya bar mutum ba ƙarfi. Mata sun tona gidajen tururuwa suna tara ƙwayar da suka ɓoye. An kakkaɓe ƙarangiya an daka. An fasa ƙwallon goriba. Anza tana nan a daji, amma sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacin ya fita, ruwan kuwa shi ne babu. Da bazara ta shigo, rijiyoyin unguwa suka koma laka. Guga ya sauka ya dawo da taɓo mai wari. Zafin ba irin mai sa gumi ba ne, jiki ba shi da abin fitarwa. Leɓe ya tsage, harshe ya yi kauri. Ba ka jin dakan safe ko'ina. Gari shiru kamar ana zaman makoki.

A gidanmu kullum akwai tukunya a wuta. Da sassafe, ruwan Babu yana gama kwanciya, Kuluwa za ta shiga bayan zana ta tsinko ganye, ba da yawa ba, yadda gobe za a samu. Ta dafa, ta barbaɗa garin rogo, ɗan gishiri in akwai. Inna ta ci kaɗan ta ce ta ƙoshi. Ni in ci na tsakiya. Mafi yawa na Kuluwa ne, don nono. Jarirai nawa aka binne a unguwar a watannin nan, ban so in tuna. Uwa ba ta ci ba, nono ya ƙafe, shi ke nan. Rabi kuwa tana tsotsa tana samu.

Wata asuba ina tafe da garwa biyu, sai ga Gwaggo Dije a tsakiyar hanya. Tsohuwa ce mai tuyar ƙosai a da, bakinta ya fi man tuyarta zafi. Bayanta mata sun kai goma da tuluna ba komai.

"Nomau, ina za ka da ruwan ga?"

"Inda nike kai shi kullum, Gwaggo."

"A zuba ma Ba'indiye a ka. Jikata ta kwana tana lasar gindin randa, kai kana kai ma wani ya yi wasan agwagwa. Uwarka ta san abin da kake yi?"

"Takardarshi ce. Ni dako nike."

"Jaki ma dako yake, amma in ya ga mai ƙishi yana sunkuyar da kai."

Na ratsa su na wuce. A bakin ƙofar Babu aka yi, ya ji duka. Ya yi wankansa. Da ya gama sakin ruwan ga rana sai ya ce, "Ina suke samun nasu?"

"Gulbi."

"Gulbi ya bushe."

"Tonawa ake."

"Kai ni."

Ya rufe kanti muka gangara. Kusa da gari duk an ƙwaƙule, sai da muka yi tafiya mai nisa wajen Jiratawa. Yashi fari fat, ido ba ya iya kallonsa. Ramuka ko'ina, kowanne ya fi tsawon mutum. A gindin kowane rami mace ce tsugune da ludayi, tana jiran ruwa ya tsattsafo. Ya taru kamar cikin tafin hannu, ta kwasa, ta zuba a tulu, ta sake jira. A sama wasu suna jiran ta fito. Wata ta zo tun asuba, rana ta take, tulunta bai kai rabi ba. Ruwan kalar kunu.

Babu ya tsuguna a bakin wani rami ya daɗe.

"Wannan na wanka?"

"Na sha ne. Wa ke wanka?"

Da muka dawo ƙafarsa duk ta yi bororo. A bakin ƙofa ya ce, "Gobe garwa biyu, kai wa tsohuwar. Ta raba."

Sai ganyen bayan zana ya faɗo mini a rai.

"To wankan hwa? Ba ka ci sai ka yi."

"Akwai hanya. In babu ruwa, akwai toka."

"Ka sake tunani, maigida. Addininka ne."

Ya dube ni. Ya ɗauka shi nake ji wa. Ya dafa kafaɗata ya ce ni mutumin kirki ne.

Washegari ya ƙona busasshen kashin shanu, ya tankaɗe tokar, ya tsaya a kan dutsensa. Ya yi gunguninsa, ya shafa a goshi, da ƙirji, da damatsa, har ƙafa. Ya fito fari kamar dodon gona. Labari ya zaga unguwa, Babu ya yi taimama. Liman da kansa ya ce to, ashe suna da ɗan ilimi. Gwaggo Dije ta zauna a gindin itacen bedi da ludayi tana raba garwa biyu gida-gida, tana sa masa albarka, tana cewa Allah ya nuna masa hanya. Kowa ya ji daɗi. Ni na koma gida na tarar da Kuluwa tsaye a bayan zana tana kallon busasshiyar kafa.

Na yi ƙoƙarin rage wani abu a hanya. Rana ɗaya na yi. Gwaggo ta tsoma yatsa a garwa ta dube ni.

"Yau garwarka ma yunwa ta kama ta? Ta rame."

Ban sake ba.

Kwana biyu lalo ya kwanta. Na uku yakuwa ta bi shi. Ganyen kabewa ya yi laushi kamar tsumma. Ƙasar ta tsage. Kuluwa ta tsinke abin da ya saura ta shanya, muka ci shi a kwana uku. Ludayin da Gwaggo take ba gidanmu na sha ne, bai isa ko maƙogwaro huɗu ba. Ran kwana na shida na ga Rabi ta kama nono ta ja ta saki, ta kama ta saki. Kukanta ya koma kamar na 'yar kyanwa. Inna ta taɓa kanta ta ce maɗiga ta faɗa.

"Ka tahi ka gaya mishi," in ji Kuluwa.

"In ce mi? Muna cin ruwan wankan arne?"

"Wata nawa muna ci? Yau ne ƙyama ta zo maka?"

"In ya ji, gari ya ji."

"To zauna da mutuncinka. In an jima ka ɗauki hauya ka nemi inda ƙasa ta hi laushi."

Ta juya mini baya tana jijjiga yarinyar.

Da asuba na kai garwa biyu gindin bedi, na kai ta ukun gidan Babu. Yana tankaɗe toka.

"Aje wannan," na ce. "Zo ka gani."

Na zagaya da shi bayan katanga. Da ya ga zana da buta sai ya ja baya, don ba ya kusantar irin wurin nan kafin addu'a. Na ce ba abin da yake zato ba ne. Na ɗaga ƙofar. Ya ga kunyoyin, ya ga matattun ganye, ya ga zogale uku sun sunkuya. Ya bi sawun ruwa da ido har kafar katangarsa. Sai ga Kuluwa da Rabi a hannu, ta tsaya nesa ta buɗe fuskar yarinyar.

"Tun yaushe?" in ji shi.

"Tun zuwanka."

Ya kama kansa da hannu biyu.

"Ruwan nan ba kyau. Abin da na wanke yana ciki. Duk mugun abu nawa. Kun ci zunubina."

"Mun ci. Ba wanda ya yi ciwon ciki."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Kunya."

Na san abin da yake aunawa. Garwa biyun nan ba su karɓuwa, gida arba'in sun sa rai. Takarda ba ta ƙaruwa. Hatsi kuwa shi ma ba shi da shi, kamyon Kano ya daɗe bai zo ba, sau ɗaya yake ci a yini.

"Ɗauko garwata," in ji shi.

Na ɗauko ta shan. Ya tsiyaye rabi a randarsa. Ya shiga bayan zana da sauran rabin da ɗan tulunsa na tagulla. Ya ce in share wurin, in jefar da butar nesa. Ya duba gabas, zana ta tare. Ya karɓi wuƙata ya yanke ɗan taga daidai fuskarsa. Sannan ya tsaya da ƙafa biyu a gindin zogalen farko, ya kira gulbinsa bakwai, ya zuba tulu ɗaya daga ka. Ruwan ya bi jikinsa ya sauka a saiwa. Ya matsa na biyu ya zuba. Na uku. Ya tsaya a kan kabewa. Ya tsaya a kan ramar da ba ta gama mutuwa ba. Na ƙarshe ya riƙe a tafin hannu, rana ta leƙo ta tagar, ya saki a kan kabewar.

Haka ya yi kullum har damina. Rabin garwa a kan saiwa ya kusa yin aikin biyun da rabinsu ke shanyewa a hanya. Lalo da yakuwa ba su dawo ba. Zogale ya yi toho a kwana biyar, rama ta bi baya. Kafin su tashi, da ɗan waken da Babu ya ɗebo daga nasa muka riƙe Kuluwa. Shi kuwa rabin garwa ne shansa da girkinsa a wannan zafi. Leɓensa ya farfashe har yana jini. Wata rana na ga ya tsoma yatsa a tulun tagullar bayan wanka, ya kai kusa da baki, ya fasa.

Mutane sun ga Ba'indiye yana shiga makewayin Nomau kowace asuba yana fitowa jiƙe. An yi ta ba'a a kasuwa, wai nasa ya cika. Shi kuwa ya ci gaba da shigarsa. Gwaggo Dije ce kaɗai ta leƙa ta tagar nan wata safiya bayan ya fita. Muka haɗa ido. Ta daɗe tana kallon ganyen.

"Kunya ta kusa kashe maka ɗiya, sakarai," in ji ta. "Ran Juma'a a aje mini dunƙule ɗaya na zogale. Bakina alaikum."

Aka riƙa ajiye mata.

Inna ba ta kai damina ba. Ashe ƙoshin da take cewa ta yi ba gaskiya ba ne. Rabi ta kai. Ruwan farko ya sauka tana zaune da kanta a kan tabarma, tana duka ƙasa da hannu. Babu ya ƙara shekara biyu a Maraɗi, sannan masu kantin suka kira shi Kano. Ban sake jin labarinsa ba. Sunansa na gaskiya ma ban taɓa tambaya ba.

Rabi tana nan. Hajiya ce yanzu, tana da gidan bene da jikoki. Bara a wajen sunan wani jikanta na ba da labarin nan a zaure, malamai suna zaune. Da aka watse ta ja ni gefe.

"Baba, don Allah ka daina faɗar zancen ga gaban mutane. Ruwan wankan kafiri. Mi za a ce da mu?"

Na ce, "A ce abin da aka ga dama. Da bai yi wankan ba, da ba ki ga Makka ba."